Ƙaramin rubutu a kan ƙarfe

Ƴan uwa masu aikin ƙarfe, a makon nan na zana lambobi da sunaye a kan ƙananan allunan tagulla da injin CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, a shagonmu na Yamai, haruffan kuma tsayinsu milimita 2 ne kacal. A irin wannan aiki zurfi ne ke da wuya, domin bakin yankan mai tsini ne, duk lokacin da ya ƙara nutsewa sai layin ya ƙara faɗi, har cikin harafin ya toshe. Na tsaya a wajen milimita 0.1, shi ya sa dole allon ya kwanta daidai a kan tebur, in ba haka ba gefe ɗaya ya fito ƙarara, ɗayan ya ɓace. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, su suka fi neman kulawa, kuma ban yarda a sauke musu ƙugiyar don sauƙi ba, tunda sunayen mutane ne. Tagulla tana yankuwa tsaf, alminiyum kuwa yana manne wa bakin, sai an ɗiga masa mai.