Talata, ni da tarwada da wani dodon koɗi

Da asuba na leƙa ramin kifi na tarar da uku sun taso ciki sama, ruwan kuma yana wani wari. Na kwashe na zubar ban faɗa wa kowa ba, musamman Kawu.

Ana zafin Yamai ɗin nan na azahar sai ga Auta ya kira a WhatsApp daga Sin, wai malaminsu ya kai su bakin teku a Fujian ganin inda ake kiwon abalon. Na ce mi ke nan kuma? Ya juyo da waya, wani abu ne kamar dodon koɗi, ɓawonsa kamar kunne da 'yan huji a jere, ya manne jikin keji kamar an liƙa shi. Ciyawar teku yake karta yana ci, da dare ma yake fitowa, kuma sai ya shekara 2, 3 ko fiye kafin ya kai na sayarwa. Na yi ta dariya, na ce shekara 3? Ni tarwada wata 6 ma gani nake kamar ba za su zo ba.

Sai ya ce Yaya ka san abin da ke hana shi girma? Cunkoso. In an zuba su da yawa keji ɗaya wurin mannewa ya yi kaɗan, suna hawa kan juna, manya su tare abinci ƙanana su tsumbure, shi ya sa ake tace su ana raba manya da ƙanana. Abincin kanfani kuma yana sa shi saurin girma amma in ya yi yawa ya kwana ya ruɓe, ruwa ya ɓaci. Ya ce Yaya naka nawa ne ma a ramin nan?

Na ce rezo ba kyau, ba na jin ka.

Maganar Kawu ce sak, tun ranar da na zubo 'ya'yan kifin ya ce yaro ka cika su, rabin wannan ya isa, na ce Kawu zamani ya canza. Ga shi wasu sun kai damtsena wasu har yanzu kamar ɗan yatsa, manyan ma haɗiye su suke, ni kuma kullum ƙara abinci nake, buhu na ƙarewa jikkuna na tafiya.

Inna ta yi dambun zogala, ban ci sosai ba. Wuta ta ɗauke bayan magariba.

Na aro babbar roba wajen maƙwabta, gobe in tace su tun Kawu bai fito daga masallaci ba.