Fita shan iska da iyali a Kano: a fara da lissafin Kaka

Yawancin gidajen Kano ba sa haɗuwa gaba ɗaya sai da dalili: biki, suna, gaisuwar Sallah ko ta'aziyya. A irin waɗannan taruka manya na fama da baƙi, yara na tsakar gida, Kaka kuma tana ɗaki ana shigowa gaishe ta ana fita. Amfanin fita shan iska shi ne babu baƙon da za a yi wa hidima, sai jika ya samu awa biyu ko uku a gefen kakansa. Saboda haka duk shirin da za a yi, a auna shi da ƙarfin wanda ya fi kowa tsufa da wanda ya fi kowa ƙanƙanta.

Wuri tukuna. Gidan Zoo na Audu Bako yana da bishiyoyi da inuwa, kuma yana cikin gari, idan tsoho ya gaji mayar da shi gida ba wuya. Amma kada a kai dattijo can a ranakun Sallah, cunkoson ya wuce misali, a nan ne ma yara suke ɓacewa. A bari sai mako ya zagayo. Dutsen Dala na matasa ne, matakalarsa ba ta mai ciwon gwiwa ba ce. Dam ɗin Tiga, wanda aka gina a zamanin mulkin Audu Bako, tafiya ce ta fiye da awa guda daga birni, sai an yi sammako, kuma sai an ware babba guda wanda ba shi da wani aiki sai sa ido a kan yara a bakin ruwa. Gonar wani ɗan'uwa a wajen gari, in dai akwai bishiyar mangwaro ko darbejiya, sau da yawa ta fi duk waɗannan daɗin zama.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, tsofaffi da jarirai ba sa jurewa. In hunturu ne da ƙura, mai asma ya riƙe maganinsa, a kuma ɗaukar wa Kaka mayafi mai kauri. A fita da hantsi, a yi Azahar da La'asar a can, a kamo hanya kafin Magariba.

Ga mutum 20, manya da yara, kwano ɗaya da rabi na shinkafa ya isa dafa-duka. A dafa ta da safiyar ranar, a zuba a kula tana tururi, a cinye cikin awa huɗu. Inda ake samun matsala shi ne kunun aya da salak mai mayonis: da sun sha rana sai su lalace, washegari gida ya cika da ciwon ciki. Zoɓo ya fi haƙuri, musamman in an daskarar da shi tun dare a robobi. Gurasa a tafi da ita a bushe, ƙuli-ƙuli da mai da albasa daban, a haɗa bandashe a can, in ba haka ba ta jiƙe ta dagargaje. Kilishi da tsire ba na mai raunin haƙori ba ne, dambun nama shi ne nasa. Mai ciwon suga a yi masa zoɓonsa daban ba sukari, kuma kada a jinkirta masa cin abinci. Ruwan sha lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, ban da jarka guda ta alwala da wanke hannu, da buta biyu. Kujerar roba ɗaya ko biyu, don ba kowane tsoho ne ke iya tashi daga tabarma ba. Ledar shara ma kada a manta.

Shimfiɗa tana buƙatar dabara. Suruki ba zai saki jiki ya ci abinci gaban surukinsa ba, don haka tabarma uku: ta maza, ta mata, da ta kakanni da jikoki a tsakiya, a inuwar da ta fi kauri. Tsakanin jika da kaka babu wannan alkunyar, akwai wasa. Kaka ta ce wa ɗan shekara biyar "angona, ina cefanena?", ta kira jikanya kishiya, nan da nan hira ta ɓarke.

Tatsuniya dai tsofaffi da yawa ba za su yarda su yi ta da rana ba, kada a matsa musu. A tambaye su abin da suka gani da idonsu: yadda dalar gyada take a da, yadda ake shiga birni ta Ƙofar Mata lokacin da ganuwa take tsaye, wane ne wane a dangi da yadda aka yi gidan ya rabu zuwa unguwanni. A sa matashi guda ya ɗauki muryar a waya, bayan an nemi izini, sauran wayoyin su koma jaka. In yara sun fara ƙosawa, a sake su su yi langa ko 'yar gala-gala, dattawan maza kuma a haƙa musu ramukan dara a ƙasa.

Kuɗi a tattara su tun mako guda kafin ranar a hannun mutum ɗaya, kowane gida gwargwadon ƙarfinsa, ba tare da an bayyana abin da kowa ya bayar ba. Bas guda ta fi Adaidaita Sahu biyar, don ana tashi tare. A ƙirga yara kafin a hau mota, a sake ƙirgawa kafin a baro wurin.