Mako na shida: Gwaggo ta fara kama da kanta

'Yan uwa masu koyon zane, ga inda aka kwana. Mako shida ke nan ina fama da hoton gwaggona a gidanmu na unguwar Gangare a Jos, sai shekaranjiya na ga alamar nasara.

Na farkon da na yi, awo duk ya tafi daidai: idanu a tsakiyar kai, tazarar ido guda a tsakaninsu, kunne daga gira zuwa ƙasan hanci. Ƙanwata tana gani ta ce, "Yaya, wannan ai hoton fasfo ne." Ta yi gaskiya, kuma laifina ne. Na ɗora Gwaggo a kujera na ce kada ta motsa. Dattijuwa ɗan ƙaninta ya ƙura mata ido, me za ta yi in ba ta sunkuyar da kai ta ɗaure fuska ba? Kunyarta kawai na kwashe a takarda.

Sai na sake dabara. Na bar ta a tabarmarta da hantsi tana tsintar wake a faifai, rediyo a gefe, ni kuma ina can bakin zaure da gawayi ina zane na minti bibbiyu. A nan na lura da abin da na shekara talatin ina gani ban kula ba. In labari ya ba ta haushi, kafaɗar hagu take ɗagawa kafin bakinta ya ce komai. In ya yi mata daɗi, hannun ya tsaya cak a kan waken, ido ya ƙanƙance. Da na karkata kafaɗar nan kaɗan, sai ga Gwaggo.

Murmushin ya ba ni wuya. Na ɗaga gefen baki, ya fito yaƙe. Wani likitan Faransa, Duchenne, ya nuna tun 1862 cewa murmushin gaske sai naman da ke kewaye da ido ya motsa. Na rage faɗin idon, na sa layi biyu a gefensa, bakin ma ban ƙara taɓa shi ba.

Ranar Asabar na leƙa Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, na tsaya gaban kawunan Nok, tsofaffin mutum-mutumin nan na yumɓu. Ido mai kusurwa uku, huda ɗaya a tsakiya, amma sai ka rantse kallonka suke. Na dawo na goge gashin ido da na ɓata kwana biyu ina jerawa.

Batun fenti a taƙaice: kada ku sa baƙi tsantsa a fatarmu, yana kashe ta. Jan ƙasa da ɗan shuɗi nake haɗawa don inuwa. Iskar hunturun nan kuma tana busar da fentin ruwa kafin ka juya burushi, sai da yayyafi.

Saura hannuwa. Jiya Gwaggo ta duba, ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, wa ya ce maka haka ake riƙe faifai? Ai da waken ya zube." Gobe da hantsi zan koma bakin zaure.