Ranar da na daina tura fim a gurup ɗinmu

A ƙarshen 2022 ƙanwata ta saka ni a wani gurup na WhatsApp na masu bin fina-finai masu dogon zango. Ba a yi wata guda ba suka naɗa ni admin, saboda akwai intanet kyauta a wurin aikina. A shekarar ne WhatsApp ya ba da damar tura fayil mai nauyin 2GB, sai abin ya zo mana daidai. Mun haura mutum 300, yawancinmu matan aure, daga Kano da Zariya da Maraɗi, har da waɗanda ke zaune a Jidda. Da zarar sabon shiri ya hau YouTube sai in sauke shi, in rage masa nauyi, in jefa a gurup. Addu'a kuwa na sha ta, kullum sai an ce Allah Ya biya ni da Aljanna.

Abu ɗaya ya daɗe yana ɗaure mana kai. Fim zai ɗauko da zafinsa, a yi zango na ɗaya, a yi na biyu, sai ka ji ɗif kamar an ɗauke wuta. Wani kuma a riƙa jan sa, gaisuwa kaɗai ta ci minti uku. Mukan yi ta mita cewa 'yan fim sun raina mana hankali, ni ce ma kan gaba.

Amsar ta same ni a gidan suna. Ɗan yayata yana riƙe sandar ɗaukar sauti a lokeshan, muna zaune a tsakar gida ana rabon waina, sai na shiga ba shi labarin gurup ɗina da alfahari. Ya ajiye farantinsa, ya ɗan yi shiru, ya ce, "Anti, ashe ku ne kuke yanka mu."

Raina ya sosu, amma na saurare shi. Ya ce tun da kasuwar faifan CD ta Ƙofar Wambai ta durƙushe, mai shirya fim ba shi da mafita sai tashar talabijin irin Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ko kuma YouTube. A YouTube ba kallon ake saye ba, tallar da ke giftawa ce ke kawo kuɗi, mai tasha ya karɓi kashi 55 cikin 100, kamfanin ya riƙe saura. Kafin ma a fara biyanka kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Bidiyon da ya kai minti 8 ne ake iya sa masa talla a tsakiya, kuma tallar da aka nuna wa mai kallo a Saudiyya ko Ingila ta fi ta Najeriya tsoka. Sai ya ɗauki wayata, ya nuna fayil ɗin da na tura daren jiya, ya ce mutum 300 sun kalla, amma a lissafin YouTube mutum ɗaya ne, wato ni. Daga cikinsu kuma kowa zai tura wa maƙwabta ta Xender.

Wata biyu ke nan, in ji shi, ba a biya su kuɗin aikin ƙarshe ba. Ban iya ƙarasa wainar nan ba.

Washegari na rubuta a gurup cewa daga yau link kawai zan riƙa sawa. Kafin la'asar mutum 40 sun fice. Wata ta ce na fara girman kai. Wanda ya fi tsaya mini a rai saƙon murya ne na wata baiwar Allah, ana jin kukan jariri a bayanta. Ta ce, "Hajiya, wallahi ba ƙin biya muke ba. Datar da maigida yake saka mini ba ta kai ni ƙarshen shiri ɗaya, fim ɗin nan kuma shi ke ɗebe mini kewa." Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba. A nan na gane kuskurena na biyu: na yanke hukunci a kan mutanen da ban san yadda suke samun data ba, ni da nake shan ta banza a ofis.

Sai muka zauna neman tsaka-tsaki. Na ɗauki hoton allon wayata mataki-mataki, na nuna musu inda ake rage ingancin hoto zuwa 240p, wanda a ƙaramar waya ana gane fuska sarai kuma ba ya cin data sosai. Masu iya kai dare suka koma sayen datar dare mai rahusa. Waɗanda ke unguwa ɗaya suka fara haɗuwa gidan mutum ɗaya, yau wannan ta sa data, mako mai zuwa waccan. Matar nan mai jariri tana cikinsu, su huɗu ne a layinsu.

Har yanzu jan labari yana ba ni haushi, kuma ina faɗa a ƙarƙashin bidiyon, inda masu fim ɗin za su gani. Gurup ɗin ya ragu zuwa mutum 200 da 'yan kai. Ranar da na ga sunan ɗan yayata ya gifta a ƙarshen wani shiri, na tsayar da bidiyon na ɗauki hotonsa na tura masa, ya maido mini da "Na gode, Anti."