Godiya bayan rabon hatsin baikon kaka

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Kwamitin rabon baikon kaka yana gode wa Allah da ya kai mu ƙarshen aikin bana lafiya, ba turmutsutsu, ba wanda ya koma gida hannu rabbana. Muna gode wa Baba Fasto da dattawan ikilisiya, da iyayenmu na Zumuntar Mata, da matasa, da manoman da suka aiko da masara da dawa da wake daga Kajuru da Kachia da ƙauyukan Chikun.

Baba, mun gode da wa'azin da ka buɗe taron da shi daga Ayyukan Manzanni 10:34, inda Bitrus ya shiga gidan Karniliyus, hafsan sojan Roma, ya ce ya gane Allah ba ya tara, wato ba ya nuna bambanci. Ka haɗa da misalin Matiyu sura 20: wanda ya shiga gonar inabi tun da sassafe da wanda ya yi aikin sa'a guda, kowa dinari ɗaya ya karɓa. Ka kuma tuna mana cewa ƙaunar Allah ba kamar gado take ba, da in magada sun yi yawa rabon kowa yake raguwa. Shi ya sa makiyayin Luka 15 ya bar tumaki 99 ya bi guda ɗaya. Faɗin wannan a kan bagade da sauƙi. Ranar awo ake sanin ko an ji.

Iyayenmu mata, jerin sunaye aikinku ne, kuma shi ne ƙashin bayan rabon. Rajistar majami'a kaɗai ba ta isa, domin wanda ya fi bukata sau da yawa shi ne wanda ya daina zuwa sujada, ko don rashin kuɗin mota, ko don kunyar tufafi. Kun bi gida-gida a unguwannin Kaduna daga Sabon Tasha zuwa Romi, Television da Gonin Gora, kun rubuta yawan bakin da ke ci a kowace tukunya. Wannan ya ba mu damar raba hatsi bisa kai, yadda aka umarci Isra'ilawa su tara manna a Fitowa 16:16, ma'auni guda ga kowane mutum bisa yawan mutanen alfarwa. In aka raba bisa gida, gwauruwa mai 'ya'ya bakwai da dattijo mai zama shi kaɗai za su tashi da kaso ɗaya, a ce an yi adalci, alhali an yi zalunci. Lissafin ba wuya: buhun masara mai kwano 40, in kowane baki zai sami kwano 2, zai ishi mutum 20. Jariri ma baki ne, uwarsa ce ke ci dominsa.

Matasa masu awo, sannunku da tsayuwa. Kwano ɗaya kuka yi aiki da shi tun farko har ƙarshe, kuna shafe bakinsa da sanda. Wasu sun yi gunaguni cewa Luka 6:38 ya ce mudu a cika har yana zuba. Gaskiya ne. Amma in aka bar cikawa ga hannun mai awo, hannun yakan yi nauyi in ya ga ɗan garinsu, ya yi sauƙi in ya ga baƙo, shi kansa bai sani ba. Gara a shafe wa kowa, abin da ya ragu a sake zagayawa da shi.

Mun gode wa waɗanda suka fassara sanarwa. Rikicin farko da aka rubuta a kan rabon abinci cikin ikilisiya, a Ayyukan Manzanni sura 6, daga harshe ya taso: ana tsallake gwauraye masu jin Helenanci, har sai da aka zaɓi mutum bakwai, Istifanas a cikinsu. A garin da Bajju da Atyap da Adara da Gbagyi da Bahaushe ke zama benci ɗaya, sanarwar da aka yi da Turanci kawai ta riga ta cire tsofaffi daga layi.

Game da layi, kati mai lamba ya fi kiran suna da lasifika. Layi na mai ƙarfi ne. Mai ciki da gurgu da makaho baya suke komawa. Saboda haka aka fara da su a zaune, aka kai wa marasa lafiya nasu har gida. Dattawa kuma mun gode da kuka yarda a ɗauke teburin manyan baƙi. Yakubu 2:2-4 ya riga ya yi magana a kan mai zoben zinariya da ake ba kujera, a ce wa matalauci ya tsaya can. Masu waya da suka haƙura da ɗaukar hoton masu karɓa, Allah ya sāka. Wanda aka ba kwano biyu aka yaɗa fuskarsa a Facebook, an karɓi fiye da abin da aka ba shi.

Godiya ta musamman ga mai unguwa da maƙwabtanmu Musulmi da suka ba da aron rumfa suka kuma taya gyara hanya. Mabukatan cikinsu da kwanon da aka auna wa kowa aka auna musu, ba a tambayi kowa addininsa ba, tun da rana da ruwan sama ma ba sa tambaya, kamar yadda Matiyu 5:45 ya nuna.

Akwai inda muka gaza. Wasu buhunan sabuwar masara sun zo da danshi, aka jibge su a kan siminti, na ƙasa suka yi fumfuna. Ba mu raba su ba, abin da ba za ka ci ba kada ka ba marayu. Manoma, baɗi a ciza ƙwaya kafin a ɗinke buhu: in ta fashe da ƙara ta bushe, in ta lotsa a ƙara shanya. Mu kuma za mu tanadi katako a ɗora buhuna a kai, nesa da bango. Wake a zuba shi a buhu mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace leda daban, ƙwari ba sa rayuwa inda ba iska, ba sai an sa magani ba.

Wanda katinsa yake hannunsa har yanzu, kasonsa na nan a ajiye. Ya zo ranar Lahadi bayan sujada ta biyu, ko ya aiko yaro da katin. Wanda kuma ya san gidan da aka tsallake, ya raɗa wa shugabar Zumuntar Mata.

Naku cikin hidima,
Kwamitin rabo