Masin ƙarfe biyu: mu 'yan Hausa a cocin Legas

Sati uku da suka wuce kwamitin bikin faris ɗinmu, wato cocinmu na Katolika, suka ce kowace ƙungiya ta kawo tarihinta a shafi ɗaya, za a sa a ɗan littafin biki. Shafi ɗaya fa! Baba Katikis ya kira ni bayan Mas ya miƙo min wani tsohon littafin rubutu duk bangonsa ya yage, ya ce "'yata, ke ce mai boko a cikinmu, ki duba ki tsamo abin da za ki iya." Na zauna da littafin nan dare biyu, na rubuta musu shafinsu ɗaya, sauran da ya ƙi shiga kuma shi ne nake zubawa a nan dan kar ya ɓace a cikina.

Da farko dai sunan da ake kiranmu da shi, 'yan Hausa, yana ban dariya in na waiga na kalli benci. Ga Ngas daga Pankshin, ga Tarok daga Langtang, ga Goemai daga Shendam, Berom, Bajju da Atyap daga wajen Zonkwa da Zangon Kataf (nan ne gidanmu), Mumuye daga Taraba, Bachama daga Numan, Zaar daga Tafawa Ɓalewa. Hausawan asali a cikinmu ba su da yawa, akwai dai wasu iyalai daga ƙauyukan Malumfashi da na Kano, kuma su ne suka fi shan tambaya, dan har yau akwai Bayaraben da in ka ce masa ga Bahaushe Kirista sai ya buɗe baki kaman ka ce kifi ya hau bishiya. A gida kowa da yarensa, wasu ma iyayenmu ba sa ga maciji da juna kan gona ko sarauta, amma a Legas duk an haɗa mu a kwando ɗaya an ce mana aboki, to mu ma sai muka karɓa, Hausa ta zama igiyar da ta ɗaure mu.

Abin da ya fi tsaya min a rai da na fara bin tarihin cocin Katolika a garin nan shi ne, ashe ba mu ne muka fara wannan rayuwar ta baƙi masu addu'a ba Fada ba. Katolika na farko a Legas Aguda ne, wato bayin da aka kwasa zuwa Birazil suka samu 'yanci suka dawo, suka zauna a tsibirin Legas wajen Popo Aguda, da harshen Fotugis a bakinsu. Wani dattijo da ake kira Pa Antonio shi yake tara su yana jan addu'a, yana binne matattu, tun kafin wani Fada ya zauna a garin. Sai a 1862 Fada Francesco Borghero, ɗan Italiya na ƙungiyar 'yan mishan ta SMA, ya zo daga Dahomey ya yi musu Mas. Daga wannan taron ne aka samu Holy Cross, babban cocin da ke tsibiri yanzu. Su dai waɗannan 'yan SMA ɗin ne suka isa Shendam a 1907 suka kafa mishan, daga baya abin ya bazu a Filato da kudancin Kaduna har ya iso kan kakanninmu. Kenan bangaskiyar ta tashi daga bakin teku ta hau arewa, mu kuma muka ɗauko ta a akwatin ƙarfe a jirgin ƙasa muka dawo da ita tashar Iddo a Legas. Ranar da na faɗa wa Baba Katikis labarin Pa Antonio dariya ya yi ya ce "ashe ina da wa a garin nan ban sani ba."

Mu namu ya fara ne da sojoji. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970 barikokin Legas sun cika da 'yan arewa, Ikeja, Ojo, Obalende, ga 'yan sanda, ga masu gadi da 'yan dako da suka biyo 'yan uwansu. Babana soja ne, a bariki aka haife ni. Mazan dai suna jin turancin bariki, amma iyayenmu mata da aka auro daga ƙauye, su kam in sun je Mas na Turanci ko na Yarabanci tashi da zama kawai suke bi, mamata ta ce shekara biyu tana zuwa coci ba ta je furta zunubi ba dan ba ta san da wane baki za ta yi wa Fada magana ba. Shi ne wasu mata suka fara haɗuwa ranar Alhamis suna rosari a ɗakin wata, "A gaishe ki Maryamu cike da alheri", daga nan aka roƙi aji ɗaya a firamaren mishan.

Ajin nan ina tuna shi sarai. Bencin yara ne, sai ka ga ƙaton saja ya zauna gwiwarsa ta kusa taɓa haɓarsa, allo a gaba ba a ma goge lissafin ranar Juma'a ba, tebirin malami shi ne bagadi, an shimfiɗa masa farin zani na wata mama da kyandir biyu a cikin gwangwanin madara. Ba Fada. Baba Katikis ne zai karanta Littafi Mai Tsarki, ya yi wa'azi, a yi baiko (kuɗin da ake ba coci) a kwanon sha, a yi sanarwa wadda ta fi wa'azin tsawo: wane ya sauka daga gida ya kawo saƙo, matar wane ta haihu, wane yana neman aikin gadi in akwai wanda ya ji labari. Shi Baba ba a biyansa wani abin kirki, aikin dare yake yi a wani kamfani, ya taso da safe ya ɗan runtsa ya zo. A littafin nan da ya ba ni akwai sunayen yaran da ya koya wa katikisim shekara da shekaru da rubutun hannunsa, na ga sunana, an rubuta a gefe "surutu".

Samun Mas sosai da Hausa ya ɗau lokaci. Ba wai coci ta hana ba, tun taron Vatican na biyu a 1963 aka buɗe ƙofa a yi Mas da harsunan mutane maimakon Latin zalla, matsalar ita ce wa zai yi? In an yi sa'a wani Fada daga Jos ko Kaduna ya zo Legas karatu ko wani aiki sai a kama shi, ranar kuwa ajin ba ya ɗaukar mutane har ta taga ake leƙe. Manyanmu har yanzu suna alfahari da cewa Bishop Kukah na Sakkwato ya yi zama a Legas lokacin yana babban sakatare a sakatariyar Katolika ta ƙasa, wai ɗanmu ne a can sama. Amma wanda ni ba zan manta ba wani matashin Fada ne Bayarabe da aka kawo faris ɗinmu, bai san ko "sannu" ba, ya ce shi zai koya. Duk Asabar da yamma sai ya zauna da Baba Katikis a ƙarƙashin bishiyar mangwaro suna bin littafin Mas layi layi, Fada yana sa alama da jan biro a kan kalmomi. Lahadin farko ya ɗaga Jibi, wato gurasar Mas, zai ce Ɗan Ragon Allah, sai ya gajarta wasalin, ya fito kaman raggo, wato malalaci. Kai! Mata suka sunkuyar da kai suna cizon mayafi, wata mama a bayana kafaɗarta sai rawa take. Bayan Mas Baba ya ja shi gefe ya ce "Fada, a ja shi, raaago", shi ma da ya gane sai da ya riƙe ciki. Kafin a canza shi har wa'azin minti biyar yake yi da Hausa ba takarda, kuma ranar da zai tafi kukan da matan zumunta suka yi ko iyayensa sai haka.

Lokacin Mas ɗin kuma, ƙarfe biyu na rana aka ba mu, bayan kowa ya gama nasa. Gaskiya ya yi mana ciwo, kuma ni har yanzu ina ganin da rainin wayo a ciki, rana tsaka, kwano ya yi zafi, fanka tana juya iska mai zafi in ma akwai wuta, masu shara sun ƙosa mu fita. An kai ƙorafi majalisar faris ba sau ɗaya ba, amsar kullum ita ce baikonku nawa ne. To nawa mai gadi yake samu? Sai dai abin dariya, da aka zo aka ce za a mai da mu ƙarfe shida na safe, mu da kanmu muka ƙi, dan masu gadi ba su sauka daga aiki ba a lokacin, 'yan aikin gida kuma sai sun gama abincin madam ake sakinsu, wanda zai taso daga nesa ya hau danfo biyu ma bai iso ba. Shikenan ƙarfe biyu ya zama namu.

Wanda bai taɓa jin zumuntar mata suna shigowa da baiko ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Anko ɗaya, ɗankwali ɗaya, tulu biyu ana buga bakinsu da tafin hannu suna wannan gum gum ɗin da kake ji a ƙirji, kacau-kacau, ga guɗa. Su ne suka sa sauran faris suka san da mu, dan ranar bikin godiyar kaka in suka taso daga bakin ƙofa har Inyamurai da Yarabawa tashi suke suna liƙi. Rumfarmu a kasuwar bikin kuwa masa ce da kunun zaƙi da gwaten acca, kafin azahar an share tukunya. Maganar burkutu an yi rigima a kanta shekara uku, ba zan shiga ba, har yanzu akwai dattawan da ba su yafe wa kwamiti ba.

Rabin littafin Baba na baya ba sunayen yara ba ne, asusun gawa ne. Mutumin arewa in ya mutu a Legas gida ake so a kai shi, kuma hanya ce mai nisa, Ibadan, Okene, Lokoja, Abuja, Akwanga kafin a ce Jos, ga kuɗin mota ga na mutuware ga takardu. Kowane wata kowa yana sa abin da ya samu, an ja layi da rula, suna, wata, kuɗi. Na ga inda wata gwauruwa mai sai da ƙosai ba ta taɓa tsallake wata ɗaya ba tsawon shekaru. Na ga sunan babana, da ranar da aka cire kuɗin kai shi.

Shafin Janairu 2002 kusan babu komai a ciki. Ranar Lahadi 27 ga watan ne rumbun makamai na barikin Ikeja ya fashe da yamma, mun dawo daga Mas ba da daɗewa ba, ko zanin coci mamata ba ta cire ba. Kowa ya gudu inda ƙafarsa ta kai shi, mutane sama da dubu suka mutu, yawancinsu a magudanar ruwa ta Oke-Afa suka nutse cikin duhu. Ƙanena kwana biyu ba mu gan shi ba, wani mai shayi ɗan Katsina, musulmi, shi ya tsince shi yana kuka da Hausa ya ajiye shi a rumfarsa yana ba shi burodi har muka zo. Sati ɗaya bayan nan rikicin Idi-Araba ya tashi tsakanin Yarabawa da Hausawa, lokacin ne muka ƙara ganewa cewa mai adda ba ya tambayarka cocinka ko masallacinka, Hausar bakinka ta ishe shi. Harabar coci ta cika da tabarmi makonni, matan CWO (ƙungiyar matan Katolika) na Yarabawa da Inyamurai su suka dinga dafa mana shinkafa a manyan tukwane, wannan ma dole in faɗa tunda na faɗi na ƙarfe biyu.

Yanzu mun ragu. Tsofaffin sojoji sun yi ritaya sun koma gida, da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan unguwanni a 2022 samari da yawa suka tattara suka bar gari, bencin baya da suke cikawa da hular kwano a ƙarƙashin ƙafa ya zama fili. 'Ya'yanmu kuma na safe suke zuwa da abokansu, nawa biyu in na yi musu Hausa da burokin suke amsa min, Yarabancinsu ma ya fi nawa. Babbar tana iya waƙoƙin zumunta tsaf amma ba ta san me take cewa ba. Duk da haka kusan kowane wata sai an ga sabuwar fuska, yawanci waɗanda tashin hankali ya koro daga ƙauyukan Filato ko kudancin Kaduna, su tsaya a bakin ƙofa da leda a hannu har wata mama ta je ta ce "daga ina, ɗana?"

Shafin da na kai wa kwamiti an dawo min da shi, wai in sa jerin Fadan da suka yi aiki da mu da shekarunsu, in rage maganar katikis. Na sa musu jerin, ban rage komai ba, na dai ƙanƙanta rubutun. Baba zai koma ƙauye bayan Ista, idonsa ya yi rauni. Jiya na kai masa littafinsa ya ƙi karɓa, ya ce in riƙe, sannan ya tuna min wai ban biya asusun wata biyu ba.