Ba dodo ba ce, an cutar da ita ne tun tana yarinya

Ni fa finafinan nan da ake yi a kan mutum ɗaya mai mutane da yawa a cikinsa sun fara ci min rai. Tun da aka sake buɗe gidajen silima a Saudiyya a 2018, ga kuma manhajojin kallon fim irin su Netflix da Shahid a kowace waya, yaranmu na Jidda da Makka sun san wannan ciwon sosai, amma sanin da suka yi masa na tsoro ne kawai. Ka tambayi matashi a unguwar Karantina ta Jidda ko Shara Mansur ta Makka, zai ce maka ai shi ne mutumin da yake juyewa ya zama wani ya yanka mutane, da safe kuma ya manta.

Likitocin ƙwaƙwalwa suna kiran wannan ciwon Dissociative Identity Disorder, DID a taƙaice, wato ciwon rarrabuwar hankali. Littafin da likitocin Amurka suke bi wajen tantance irin waɗannan cututtuka ya ba shi gurbinsa a 1980, a 1994 aka sauya masa suna zuwa wanda ake amfani da shi yanzu. Abin da ke faruwa shi ne hankalin mutum bai haɗu wuri ɗaya ba, akwai ɓangarori, kowanne da yadda yake magana da abin da yake tunawa, wani ma har da sunansa da shekarunsa. Sai mace ta ga kaya a jakarta ba ta san yaushe ta saya ba, ko ta tsinci kanta a tashar mota ba ta san me ya kawo ta ba, ko a ce mata jiya kin ce kaza ta rantse ba ta faɗa ba, kuma wallahi gaskiyarta take faɗa. Ba shi ne ciwon sikizofireniya ba, wato wanda mutum yake jin muryoyi ko ganin abin da babu, ko da yake mutane suna yawan haɗa su.

Mafi yawan likitocin da ke duba masu shi sun danganta shi da azaba mai tsanani da ake ta maimaitawa a kan yaro tun yana ƙarami sosai, duka ne, fyaɗe ne, ƙullewa ne a ɗaki, kuma sau da yawa daga hannun wanda ya kamata ya kare shi. Yaro ɗan shekara 4 ko 5 ba shi da inda zai gudu, to sai hankalinsa ya gudu, ya ajiye abin a wani lungu kamar wani ne daban aka yi wa. Wannan shi ne gindin maganar, kuma shi ne abin da fim yake wucewa da gudu.

Dubi fim ɗin Split na 2016. James McAvoy ya yi wasa mai kyau, ban musa ba, mutum 23 a jiki ɗaya, sai na 24 ya fito yana hawa bango yana cin naman mutane. An ɗan nuna uwarsa ta azabtar da shi, amma me mai kallo ya tashi da shi? Dodo. Tun Psycho na 1960 hanyar ke nan. Alhali littafin likitocin nan ya ce sama da kashi 70 cikin 100 na masu zuwa asibiti da wannan ciwon sun taɓa yunƙurin kashe kansu. Kansu suke cutarwa, jama'a, kuma su ne aka fi saurin cutarwa.

Mu kuma da muka tashi da finafinan Indiya, Bhool Bhulaiyaa na 2007 muka fi sani, inda Vidya Balan take zama Manjulika, wata mai rawa ta zamanin da, da daddare, gidan duk ya ɗauka fatalwa ce. Na yaba masa abu ɗaya, ya kawo likita cikin labarin, ya sa shi ya zauna da malamin addininsu suka yi aiki tare. Amma yadda ta warke fa? An yi mata dabara da mutum-mutumi ta zaci ta kashe sarkin da Manjulika take neman fansa a kansa, shi ke nan ta farka garau. Ina ma haka ne. Babu ƙwayar da ke maganin ciwon kansa, magani zama ne da likita ana magana, a fara samar wa mutum kwanciyar hankali da wurin da ba a cutar da shi, sannan a hankali a taɓa abin da ya faru, kuma yakan ɗauki shekaru.

Akwai kuma rikicin Sybil. Littafin ya fito a 1973, fim ɗin a 1976, mace mai mutane 16, bayan nan masu cewa suna da ciwon suka ƙaru ƙwarai a Amurka. A 2011 'yar jarida Debbie Nathan ta fitar da bincike da ya nuna likitar matar, Cornelia Wilbur, ta yi ta ɗura mata magunguna tana jan ta da tambayoyi zuwa inda take so. Shi ya sa har yau wasu masana suke ganin likita da fim suna iya koya wa mai rauni wannan halin. Muhawara ce ta gaskiya, amma ɓarnar da ta biyo baya ita ce mai fama da gaske sai a ce ƙarya take, kwaikwayon fim take.

To a gidajenmu fa? Mu ba ma cewa dodo, mu aljanu muke cewa. Na taɓa zama a wani gida a nan Jidda ana yi wa wata budurwa ruƙiyya, muryarta ta koma ta ƙaramar yarinya tana cewa kar a kashe fitila, kar a bar ta da shi. Kowa a ɗakin yana tambayar aljanin sunansa da garinsu da addininsa, babu wanda ya tambaya wane ne shi ɗin da take tsoro. Ban ce ga abin da ke damunta ba, ni ba likita ba ce, amma maganar nan tata ta cancanci a tsaya a saurara. Na yi imani da aljanu, akwai sura guda da sunansu a Alƙur'ani, kuma karatun Alƙur'ani ga marar lafiya alheri ne. Abin da ba zan taɓa yarda da shi ba shi ne bulala da shaƙe wuya da sunan korar aljani, domin jikin da ake duka nata ne, kuma in ta kasance tun tana ƙarama ake dukanta, an ƙara mata ne kawai. Su kansu likitocin a bugun 2013 na littafin nan nasu sun rubuta cewa a wasu al'ummu ciwon yana zuwa da siffar shigar iska, sun kuma bambanta shi da abin da al'ada ta yarda da shi wanda ba ya wahalar da mai shi, irin bori a wurinmu ko zar a Sudan.

Sannan ko iyali sun yarda a je asibiti, akwai katanga. Da ka ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai a ce za a kai ta Shahar, wato tsohon asibitin nan na Ta'if, kuma yarinyar da aka ce ta je can wa zai aure ta. Waɗanda ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, kuwa tsoron ƙofar asibitin ma suke yi. Wadda ba ta jin Larabci sosai sai an shiga da mai fassara, kuma mai fassarar yawanci ɗan gida ne, yaya ko kawu ko kishiyar uwa, to ta yaya za ta buɗe baki ta faɗi abin da aka yi mata a wannan gidan a gabansa? Muna da 'yan uwa Hausawa da suka karanci aikin jinya da ilimin halayyar ɗan adam a ƙasar nan, ina roƙon su da su bari a san da su a unguwanni, ko mace ɗaya ce da za a iya kira ta raka yarinya wurin likita ta fassara mata ba tare da maganar ta koma gida ba.